Darasi na Goma Sha Bakwai: Rabilu Musa Ibro da Sana'ar Ban Dariya

Muƙaddima

Duk wanda ya taɓa kwana a Madawa ko Buza ko Keita a shekarun da kaset ɗin bidiyo yake tashe, ya kuma fita bayan sallar lisha ya bi ta bakin tasha ko gefen kasuwa, inda ake kafa rumfar zana a tada janareto a jera bencina, ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne Ibro, domin tun daga nesa, kafin ya hangi hasken akwatin talabijin, zai ji shewar jama'a ta tashi gaba ɗaya, ya tabbata a ransa mai jar hula ne ya fito. Manomin albasa da ya wuni yana ban ruwa a fadama, da ɗan ci-ranin da ya dawo gida gab da damina, da dattijon da ya ce shi ya zo kiran jikansa ne kawai sa'an nan ya nemi gefen benci ya zauna, duka sun yi tarayya a cikin wannan dariya, alhali mafi yawansu ba su taɓa taka garin da aka haifi mutumin ba.

Manufar wannan darasi ita ce mu san tarihin wannan bawan Allah, mu san asalin sana'ar da ya riƙa da irin hanyar da ta biyo daga dandali har ta shiga majigi, mu kuma auna ta a kan mizanin hankali da na addini, domin abin da ya shiga gidajenmu ya zauna tare da ƴaƴanmu shekara da shekaru ya cancanci mu yi masa kallon basira.

Asalin sana'ar a ƙasar Hausa

Tun kafin a san wani abu wai shi fim, Hausawa suna da ma'abota ban dariya iri-iri, kowanne da fagensa da lokacinsa. A fada akwai wawan sarki, wanda al'ada ta yi wa izinin furta abin da waziri da galadima suke jin nauyin furtawa, har ya zamanto sau da yawa ta bakinsa ne sarki yake jin kukan talakawa a cikin rigar wasa. A kasuwa akwai ƴan gambara, masu kiɗa da zambo da habaici, waɗanda marowaci yake tsoron harshensu fiye da yadda yake tsoron ɓarawo. Akwai kuma ɗan kama, wanda shi ne ya fi kusa da mutumin da muke magana a kansa: yakan yi shigar almajiri ko ta malami, ya tsaya tsakiyar taro ya ɗauki murya irin ta mai karatu ko mai wa'azi, amma abin da yake jerawa duka sunayen abinci ne, tuwo da miya da nama da fura, yana nuna kwaɗayi da rakin yunwa har mutane su riƙe ciki. Shaharar wannan sana'a ta kai har wani Bature mai suna Gidley ya yi rubutu na musamman a kan ƴankamanci a shekarar 1967.

Ban da masu sana'a, jama'a da kansu suna da lokutan da suke kwaikwayon junansu. Idan azumi ya kai kwana goma yara sukan fita tashe, wannan ya sa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi. Bayan an kawar da amfanin gona samari sukan yi kalankuwa su naɗa wa junansu sarautu. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa suke yin shigar manyan ƙasa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a gaban idonsu. Sa'an nan ga wasan barkwanci da ke tsakanin taubasai da tsakanin al'ummu, kamar Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Zabarmawa da Buzaye, da Kanawa da Zagezagi, wanda ya kashe wutar husuma da yawa tun ba ta kama ba, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye, da sunan ƙasarmu Nijar, a shekarar 2014.

Hikimar da ke ƙarƙashin waɗannan duka guda ɗaya ce. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. To, da yake mutum ba ya son a nuna masa aibinsa ƙiri-ƙiri, sai mai ban dariya ya ɗauki aibin nan ya yafa a jikinsa, ya zama shi ne marowacin, shi ne matsoracin, shi ne mai cika baki, domin mai aibin na gaskiya ya yi dariya tare da kowa, ya koma gida ya gyara kayansa ba tare da an kunyata shi ba.

Daga dandali zuwa majigi

Abin da ya faru ga wannan sana'a sa'ad da na'urar ɗaukar hoto mai motsi ta bayyana kusan iri ɗaya ne a ko'ina cikin duniya. A Ingila da Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, akwai gidajen wasa inda talakawa suke biyan kuɗi kaɗan su kalli mawaƙi ya fito ya sauka, mai rawa ya fito ya sauka, mai dabo ya biyo baya, mai ban dariya ya rufe. Mutanen Amurka suna kiran irin wannan wasa bodabil. A irin waɗannan gidaje ne Cali Caflin ya koyi aiki. An haife shi a birnin Landan a 1889 cikin matsanancin talauci, ya fara hawa dandali tun yana yaro, ya tafi Amurka a 1910 tare da ƙungiyar wasa ta Fred Karno, ya shiga fim a 1914, ya kuma shahara da shigar wani matalauci mai manyan takalma da ƴar sanda da ɗan gashin baki, wanda duniya duka ta gane shi ko da yake a finafinansa na farko ba a jin magana. A 1940 ya yi fim yana kwaikwayon Hitila a daidai lokacin da rundunar Jamus take razana Turai, ya rasu a ƙasar Suwizalan a 1977. A Masar ma haka: Isma'il Yasin, wanda aka haifa a 1912 ya rasu a 1972, ya fara da waƙoƙin raha a gidajen wasa na Alƙahira, daga baya ya kai matsayin da ake sanya sunansa a cikin sunan fim, a ce ga shi a aikin soja, ga shi a aikin ɗan sanda, domin sunan kaɗai ya isa ya cika gidan silima.

A ƙasar Hausa, rediyo da talabijin ne suka fara ɗauko masu wasa daga dandali. A Kaduna an yi Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, yana kwaikwayon zaman bariki da Hausar sojoji, ya rasu a 2023. An yi Ƙasimu Yero, mai wasan Karambana, wanda ya rasu a 2017. A nan Nijar, a zamanin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa shirya wasannin kwaikwayo suna gasa a bukukuwan matasa na ƙasa, kuma a wannan zamani ne sunan Yazi Dogo, malamin makaranta, ya game gidaje ta rediyo da talabijin, har dattawanmu na Adar da Gobir suna tuna wasanninsa zuwa yau. Sa'an nan a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka sayar a kaset ɗin bidiyo, daga nan ƙofa ta buɗe wadda ba ta sake rufuwa ba. Ta wannan ƙofa Rabilu Musa ya shigo.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Rabilu Musa ranar 12 ga Disamba 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. A garinsu ya yi makarantar firamare, daga nan ya wuce kwalejin horon malamai ta Wudil, garin da ke bakin kogi, mai babbar kasuwar shanu, wanda sunansa ya manne da na Ibro har mutane da yawa suka ɗauka can aka haife shi. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, wato abin da mu a nan muke kira gidan kaso, ya zama ganduroba, ya yi shekara takwas yana wannan aiki kafin ya ajiye shi ya fuskanci wasan kwaikwayo ɗungum.

Ya kamata ɗalibi ya tsaya a nan ya yi tunani, domin barin aikin gwamnati mai albashi a ƙarshen kowane wata, da fansho a ƙarshen rayuwa, saboda wata sana'a da jama'a a wancan lokaci suke kallonta a matsayin shashanci, ba abu ne da mutum yake yi ba sai ya tabbatar a zuciyarsa cewa baiwar da Allah ya ba shi a nan take. Kuma waɗannan shekaru na gidan yari ba su tafi a banza ba, gama wanda ya daɗe yana zaune da ɓarawo da mazambaci da wanda bashi ya kai shi da wanda aka zalunta, yana jin yadda kowannensu yake kare kansa, lalle ya karanci ɗabi'un ɗan Adam a wata makaranta da ba kowa ne yake samun shigarta ba.

Da wasan daɓe ya fara, wato wasan da ake yi a gaban jama'a ido da ido, kuma duk mai wasa ya san babu malami mai tsanani kamar taron ƴan kallo, domin idan maganarka ba ta ba su dariya ba a take za ka gani a fuskokinsu, babu damar a tsaya a sake ɗauka. Fim ɗin da ya fito da shi sarari shi ne Ƴar Mai Ganye, wajen shekarar 1997, kuma daga wannan lokaci har ƙarshen rayuwarsa babu wani ɗan wasan ban dariya a ƙasar Hausa da ya sha gabansa.

Yadda yake wasansa

Masu sana'ar fim a Kano sun raba finafinansu gida biyu: akwai na soyayya, masu waƙa da rawa irin ta Indiya, waɗanda galibi ake ɗauka a cikin manyan gidaje na birni, akwai kuma waɗanda suke kira camama, wato na barkwanci, waɗanda ake ɗauka a ƙauye ko a lungunan talakawa da kuɗi kaɗan cikin kwanaki kaɗan. Ƴan birni sun daɗe suna yi wa camama kallon raini, amma ita ce ta fi shiga karkara, kuma dalilin haka a fili yake, domin mutumin Tamaske ko na Karofan ko na Bangi, idan ya dubi akwatin ya ga katangar laka da rumbu da jaki da mai shayi a bakin hanya, gidansu ya gani, kuma mutanen da ke ciki maƙwabtansa ne. Ibro shi ne sarkin wannan fage, tare da abokan wasansa irin su Ciroki da Ɗan Gwari da Daushe da Bosho.

Mutumin da yake fitowa a matsayinsa kusan kullum guda ne ko da sana'arsa ta sauya: talaka ne mai dogon buri da gajeren haƙuri, mai son banza, mai cika baki idan babu kowa, mai neman hanyar gudu idan an ja daga, wanda yake ƙulla dabara domin ya ci bulus, dabarar kuma ta juyo ta kama shi. Wanda ya san tatsuniya zai gane wannan hali nan da nan, domin halin Gizo ne aka ɗauko daga bakin kakanni aka sa masa jar hula aka tsayar da shi gaban kyamara. Fasaharsa tana cikin fuska da murya da sanin lokacin da ya dace a saki magana: yakan zare ido, ya karkace baki, ya yi shiru daidai gwargwado, sa'an nan ya jefo kalma guda wadda gobe za ka ji ta a bakin ƴan tasha da ƴan makaranta. Yana kuma da kunnen kwaikwayo, ya ɗauki harshen baƙauye ko na Bafillace ko na baƙon da bai gama koyon Hausa ba, ya ɗauki salon mawaƙi ya juya shi, kuma waƙoƙinsa na raha irin su Bayanin Naira da Idi Wanzami da Direba Makaho sun yi tashe ƙwarai a zamaninsu.

Kamar yadda aka yi wa Isma'il Yasin a Masar, haka masu shirya fim a Kano suka riƙa liƙa sunan Ibro a goshin finafinai, domin sun san sunan ne yake sayar da kaset. Abin da ya fi ba da mamaki a cikin wannan jeri shi ne yadda ya riƙa jawo manyan al'amuran duniya yana shigo da su cikin unguwa. Da mawaƙin nan na Kwango, Awilo Longomba, ya cika gari da kiɗansa, sai aka yi Ibro Awilo. Bayan harin da aka kai Amurka ranar 11 ga Satumba 2001, sa'ad da sunan Usama bin Ladan yake bakin kowa, sai aka yi Ibro Usama a 2002. Da yaƙin Iraƙi ya ɓarke a 2003 aka yi Ibro Saddam. Talakan da yake jin waɗannan sunaye a rediyo da safe da maraice, suna yi masa girma da nisa da ban tsoro, sai ga shi ya gan su a jikin mutumin da ya saba yi wa dariya, tsoron ya ragu, ya sami bakin tattauna al'amarin da abokan hirarsa.

A wancan zamani kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar da ake rarraba waɗannan kaset-kaset, daga can su biyo ta Katsina da Jibiya su shigo Maraɗi, ko su biyo ta Sakkwato da Illela su shigo Ƙwanni, kuma da yake Madawa tana kan babbar hanya tsakanin waɗannan garuruwa biyu, ba ta rasa sabon fim ta kowace fuska. Daga nan sai su hau duwatsun Adar a cikin jakunkunan fatake da ƴan ci-rani, su isa Buza da Keita da ƙauyukan da ke kewaye da su. Iyakar da Turawa suka shata tsakanin Nijar da Nijeriya ba ta taɓa tsayar da dariyar Ibro ba, domin harshen guda ne, halayen da yake kwaikwayo kuma namu ne baki ɗaya.

Jarrabawar shekarar 2008

Babu sana'ar da ba ta da ranar wuya. Bayan jihar Kano ta ƙaddamar da aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, an kafa hukumar tace finafinai domin ta duba abin da ake nuna wa jama'a, kuma a 2007, a zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kan shugabancinta, aka tsananta dokoki, aka kafa kotun tafi-da-gidanka domin hukunta masu fim. A cikin 2008 aka gurfanar da Rabilu Musa tare da abokin aikinsa Lawal Ƙaura a kan fim ɗin Ibro Aloko, bisa tuhumar cewa akwai rawar da ba ta dace ba a cikinsa, da kuma cewa kamfaninsu ba shi da rajista, aka yanke musu ɗaurin wata biyu. Haka Allah ya ƙaddara cewa mutumin da ya yi shekara takwas yana riƙe da mabuɗin gidan yari ya shiga cikinsa a matsayin ɗaurarre.

Jama'a sun rabu biyu a kan wannan hukunci. Wasu sun ce hukuma ta yi daidai, domin abin da yara suke kallo shi suke kwaikwayo, kuma shahara ba ta ɗauke wa kowa doka. Wasu kuma sun ce an gaggauta, an yi amfani da sunansa ne domin a tsorata sauran. Abin da ya dace ɗalibi ya riƙe shi ne, kowane ɓangare yana da wata gaskiya a hannunsa: wajibi ne mai wasa ya san cewa akwai haddin da ba a ƙetarewa ko da jama'a suna tafi, wajibi ne kuma mai hukunci ya yi adalci da bincike da sassauci, ya tuna cewa gyara ake nema. Bayan ya fito ya koma bakin sana'arsa, jama'a kuma suka karɓe shi kamar da.

Matsayin raha a wurin malamai

Da yake mu al'umma ce ta Musulmi, ba za mu rufe wannan magana ba sai mun ji inda malamai suka ajiye ta. Ya tabbata a cikin littattafan hadisi da na shama'il cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa da iyalinsa da yara ƙanana, sai dai rahar tasa ba ta fita daga gaskiya. Kuma a cikin sahabbai akwai Nu'aimanu ɗan Amru, wanda ya shahara da barkwanci har yakan sa Manzo murmushi. A ɗaya gefen kuma, Alƙur'ani mai girma a cikin Suratul Hujurati ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ya hana giba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya lissafa yawan wasa a cikin cututtukan harshe, yana mai bayanin cewa kaɗan daga gare shi halal ne, amma dawwama a kansa yana kashe zuciya ya zubar da kwarjini. Shi ya sa malamai suke kwatanta raha da gishiri a cikin miya.

Idan muka ɗora aikin Ibro a kan wannan mizani, adalci ya sa mu faɗi abu biyu. Na farko, mafi yawan dariyar da ya ba mutane a kan kansa ya jawo ta, ya yarda ya zama abin dariya domin marowaci da maƙaryaci da malalaci su ga kansu, wannan kuwa hannunka-mai-sanda ne da ya isa inda wa'azi mai kaushi ba ya isa. Na biyu, a cikin finafinai masu yawa irin nasa, waɗanda aka yi su cikin gaggawa domin kasuwa, ba a rasa wuraren da wasa ya zarce, ko aka taɓa wata ƙabila ko mai wata naƙasa ta hanyar da ba za su ji daɗi ba, kuma son da muke yi masa ba zai sa mu kira wannan daidai ba. Mai hankali yakan ɗauki na farkon ya bar na biyun, ya kuma koya wa ƴaƴansa bambancin da ke tsakanin yin dariya tare da mutum da yi wa mutum dariya.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da ciwon ƙoda, ya kuma ci gaba da fitowa a fim gwargwadon ƙarfinsa, har mutane da yawa da suke dariya a gidajen kallo ba su san mai ba su dariyar yana jinya ba. Allah ya karɓi ransa a Kano ranar 10 ga Disamba 2014, saura kwana biyu ya cika shekara 43 a duniya. Labarin ya bazu ta gidajen rediyo da wayoyin hannu a cikin yini guda, aka yi juyayinsa daga Kano har Agadas, da duk inda Bahaushe yake zaune a Gana da Kamaru da Sudan. Shekarun da ya yi yana fim ba su kai ashirin ba, amma har yau, da kaset ya wuce, faifai ya wuce, aka koma tura fim a cikin waya, yaran da aka haifa bayan rasuwarsa suna kallonsa suna kiran sunansa kamar yana raye.

Ma'anar wasu kalmomi

Ɗan kama: mai ban dariya na gargajiya da ke kwaikwayon masu karatu da zancen abinci.
Wasan daɓe: wasan kwaikwayon da ake yi a fili a gaban ƴan kallo.
Camama: finafinan barkwanci na Hausa, galibi masu nuna zaman karkara.
Ganduroba: ma'aikacin da ke tsaron ɗaurarru a gidan kaso.
Haddi: iyakar da shari'a ko al'ada ta shata.
Izgili: yi wa mutum dariya domin a wulaƙanta shi.

Tambayoyi

1. Kawo iri uku na masu ban dariya da Hausawa suke da su kafin zuwan fim, ka faɗi fagen kowannensu.
2. A wane gari aka haifi Rabilu Musa, a wace shekara, kuma wane aiki ya yi kafin ya shiga fim?
3. Me ya sa finafinan camama suka fi karɓuwa a karkara?
4. Ta waɗanne hanyoyi kaset-kaset ɗin Kano suka riƙa isowa Madawa da Buza da Keita?
5. Wane kamanci ke tsakanin rayuwar Cali Caflin da ta Isma'il Yasin da ta Ibro?
6. Bisa ga bayanin malamai, yaushe raha take halatta, yaushe kuma take zama laifi?

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya nemi wani dattijo ko wata dattijuwa a garinsu, ya tambaye su irin wasannin tashe da na samariya da suka yi ko suka gani a ƙuruciyarsu, ya rubuta abin da ya ji cikin layi goma da hannunsa, ya zo da shi a karanta a gaban aji. Sa'an nan ajin ya kasu gida biyu, kowane gida ya shirya ɗan gajeren wasa a kan wata ɗabi'a da ke damun garin, kamar ƙin biyan bashi ko almubazzaranci a wajen biki, bisa sharaɗin kada a ambaci sunan kowa, kada kuma a kwaikwayi wani mutum sananne a garin.

Kalma ga ɗalibi

Ya kai ɗan'uwa da ke koyon karatu da girmanka, ka sani mutumin da ka daɗe kana gani a cikin akwati yana yin wauta ya yi makaranta, ya riƙe aikin hukuma, ya zaɓi sana'arsa da saninsa, ya sha ɗauri da jinya a cikinta, ya kuma sauƙaƙa wa miliyoyin talakawa nauyin dare bayan wahalar yini. Idan akwai yaro a gidanka mai irin wannan baiwa, kada ka kashe masa ita da zagi. Ka sa shi a makaranta, ka koya masa haddin da addini ya shata wa harshe, domin ya ba mutane dariya ba tare da ya ci naman kowa ba. Kuma duk ranar da ka sake ganin mai jar hula a cikin wayarka har ka yi dariya, ka bi dariyar da addu'a, ka ce Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya yafe masa kurakuransa, ya sa aljanna ce makomarsa.